Sa hannun manyan makaɗan Turai da gashin Beethoven: tambayoyi da amsoshi

A Turai da Amurka akwai mutanen da ke zuba dukiya wajen tara hotuna, wasiƙu da takardun manyan masu tsara kiɗan kilasik, irin su Mozart, Beethoven da Verdi. Ga wasu tambayoyin da suka shafi wannan harka.

Wane irin kaya ake tarawa?

Mafi sauƙin samu shi ne hoton da makaɗi ya rattaba wa hannu, sai wasiƙu da takardun shirin wasa. Amma abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne 'yar takardar da mai tsara kiɗa zai ja wa layuka biyar da alƙalami, ya rubuta sautukan farko na wani kiɗansa, ya sa kwanan wata da sunansa, ya miƙa wa masoyi. Puccini, wani mai tsara kiɗa ɗan Italiya, ya bar irin waɗannan da yawa. Kana riƙe da ita, kana ganin inda tawada ta yi kauri da inda hannu ya yi gaggawa.

Za a iya samun hoton Mozart mai sa hannunsa?

Ko kusa. Mozart ya mutu a 1791, Beethoven a 1827, ɗaukar hoto kuwa sai a 1839 aka bayyana shi ga duniya a Faransa. Duk wanda ya tallata maka irin wannan, ɗan damfara ne. Waɗanda kyamara ta riska su ne irin su Liszt, Wagner, Brahms da Verdi.

Nawa ake sayen kayan?

Ya danganta da mai shi da kuma abin da ke cikin takardar. Kiɗan da mai shi ya rubuta da hannunsa ne ke kan gaba. A 1987 gidan gwanjo na Sotheby's a Landan ya sayar da kundin kiɗa tara na Mozart a kan fam miliyan 2.5 da 'yan kai. A 2016 kuma aka sayi babban kiɗa na biyu na Mahler, wani mai tsara kiɗa ɗan Ostiriya, rubutun hannunsa, fam miliyan 4.5.

Da gaske ne har gashin kai ake ajiyewa?

Ƙwarai. Da Beethoven ya mutu a Biyana, babban birnin Ostiriya, masu zuwa ganin gawarsa sun yi ta yankar gashinsa. Wanda ya fi shahara shi ne wanda aka ce wani yaro makaɗi ɗan shekara 15, Ferdinand Hiller, ya yanka. A 1994 wasu Amurkawa biyu suka saye shi a gwanjo a kan fam 3,600. Aka gwada shi, aka sami dalma mai yawa a ciki, har aka yi ta yaɗa cewa gubar dalma ce ta halaka Beethoven. Sai a 2023 masana suka binciki ƙwayoyin halittar gashi guda takwas da ake dangantawa da shi. Biyar suka dace da juna, na mutum ɗaya ne, su ne ake ganin na Beethoven ne. Na Hiller kuwa ashe gashin mace ne. Kusan shekara talatin ana gina magana a kan abin da ba nasa ba.

To yaya ake gane na jabu?

Ganin ido kaɗai ba ya wadatarwa. Wani ɗan Italiya, Tobia Nicotra, yakan yago shafukan da ba a rubuta komai a kansu ba daga tsofaffin littattafai, ya kwaikwayi rubutun Mozart a kai. Har babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sayi jabunsa a 1928, kafin a ɗaure shi a 1934. Shi ya sa ƙwararru ke fara tambayar silsila, kamar yadda malamai ke bin isnadi: daga hannun wa ta fito, wa ya gaje ta, a wane gwanjo aka taɓa ganinta? Daga nan sai a duba takarda da tawada, a kwatanta da rubutun da aka tabbatar. A hotunan ƙarni na 20 kuma a kula, wani sa hannun hatimi ne, wani kuma sakatare ne ya yi.

Yaya ake adana su?

Rana na kashe tawada, danshi na kawo funfuna. Kada a manna da salatif ko gam, kada kuma a kai wa mai laminatin, don wannan ɓarnar ba ta gyaruwa. A sa takardar cikin jakar da ba ta da asid, a ajiye a wuri mai duhu, in ana son ado a bango a rataye kwafinta.