Ƙwayar Cutar Taka Ce, Rigakafin Na Wa Ne? Bayanin Tsarin PIP

A farkon 2007 Indonesiya ta daina aika samfurin ƙwayar murar tsuntsaye ta H5N1 zuwa ɗakunan gwaje-gwajen da ke aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO. Hujjar ministar lafiyarta, Siti Fadilah Supari, ita ce: mutanenmu ke mutuwa, mu ke ba da samfuri kyauta, sai wani kamfani a Ostireliya ya haɗa allurar rigakafi da shi, mu kuma mu saya da tsada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A ganina tana da gaskiya. Mu ma maganar ta shafe mu, domin a wata gonar kaji da ke Jaji, jihar Kaduna, aka fara tabbatar da H5N1 a Afirka cikin Fabrairun 2006.

Bayan shekara huɗu ana ja-in-ja, ƙasashen WHO suka amince da tsarin PIP, wato tsarin shirin tunkarar annobar mura, a watan Mayun 2011. Ga abin da ya tanada. Ƙasa za ta miƙa duk ƙwayar mura da ake fargabar za ta iya zama annoba ga ɗakunan gwajin da WHO ke haɗa kansu, inda ake nazarin ƙwayoyin halittarta da yadda take kama mutum. Ana rubuta inda kowane samfuri ya nufa. Kamfanin da ya karɓa kuwa sai ya sa hannu a kwantiragi da WHO, ya zaɓi abin da zai bayar, misali kyautar aƙalla kashi 10 cikin 100 na rigakafin da yake sarrafawa lokacin annoba, ko ware wani kason a farashi mai sauƙi. Kamfanonin kuma suna haɗa kuɗi duk shekara, wanda aka fara ƙayyadewa a dala miliyan 28, don ƙarfafa sa ido da ɗakunan gwaji a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Tsarin kansa bai da ƙarfin yarjejeniyar da ke ɗaure ƙasashe. Kwantiragin kamfanonin ne ke ɗaure su a shari'ance. Bai shafi murar da ake yi kowace shekara ba, bai kuma shafi korona ba.

Abin da ya fi damuna shi ne, yau mai bincike ba lallai ya taɓa ƙwayar cutar ba. Jerin bayanan halittarta kawai zai sauke daga intanet ya fara aiki, kamar yadda aka yi da rigakafin korona a 2020. Tsarin 2011 ya bar wannan batu a buɗe. Yarjejeniyar annoba da WHO ta amince da ita a Mayun 2025 ta haɗa da waɗannan bayanai, ta kuma sa burin kamfanoni su ware wa WHO kashi 20 cikin 100 na rigakafi, magunguna da kayan gwajin da suke sarrafawa lokacin annoba, rabinsa kyauta. Amma yadda za a aiwatar da rabon, an ɗage shi zuwa wata tattaunawa ta daban.