Yadda ake cire lokaci a bar kwanan wata kaɗai

Me ya sa ake cire lokacin?

Saboda a wurin kwamfuta, 2024-03-05 08:15 daban ne da 2024-03-05 17:40, alhali rana ɗaya ce. In za ka tara bayanan kowace rana wuri guda, awa da minti za su warwatsa maka su.

Yaya ake cirewa?

Ya danganta da yaren shirye-shiryen kwamfuta ko rumbun bayanan da kake aiki da shi. A Python, dt.date() ake kira, inda dt yake ƙimar da ke ɗauke da kwanan wata da lokaci. A Java, toLocalDate(). A rumbunan bayanai, inda x yake ƙimar, MySQL na da DATE(x), Oracle na da TRUNC(x), SQL Server kuwa tun na 2008 yana karɓar CAST(x AS DATE). A Excel kwanan wata lamba ce, lokaci kuma ɓurɓushin da ke bayan ɗigo, 0.5 shi ne sha biyun rana, don haka INT, wanda ke zubar da ɓurɓushin, ya wadatar.

Sai dai a lura, wasu ba cire lokacin suke yi ba, mayar da shi sha biyun dare suke yi. Haka TRUNC yake, haka setHours(0,0,0,0) na JavaScript, wanda kuma ainihin ƙimar yake sauyawa, ba kwafi ba.

Na cire, sai ranar ta koma jiya ko gobe. Ina matsalar?

Agogon ƙasashe ne. Ƙarfe 23:30 na 5 ga Maris a agogon UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, a Tokyo takwas da rabi ce ta safiyar 6 ga wata. toISOString() na JavaScript, mai mayar da kwanan wata da lokaci rubutu, kullum da UTC yake bayarwa, shi ya sa yanke haruffa goman farko kan ba da ranar da ba ita ba. Ka fara mayar da lokacin zuwa agogon mai amfani da manhajar, sannan ka yanke.

Zan iya sa DATE(x) a cikin WHERE, sashen tace bayanai na umarnin SQL?

Zai yi aiki, amma ba mu ba da shawarar haka ba. Yawancin rumbunan bayanai sukan ajiye indeks, wato jerin da ke hanzarta bincike, gefe su bi layi ɗaya bayan ɗaya, sai binciken ya yi nauyi idan teburin babba ne. Gara ka rubuta x >= '2024-03-05' AND x < '2024-03-06'.

Kada kuma ka rufe rana da 23:59:59.999. Nau'in datetime na SQL Server yakan cika wannan adadi ya tsallaka da shi zuwa sha biyun daren washegari, bayanan wata rana su shigo maka cikin lissafi.