Tsohuwar ƙira ko ta zamani: wace ƙaramar bindiga ce ba ta ba da kunya?

Gardamar nan takan tashi a fadojin Zinder, musamman in wani tsohon soja ya zauna shan shayi cikin samari. Shi yana rantsuwa da ƙarfen da, su kuma Glock suka sani daga fina-finai da waya. Ga tambayoyin da aka fi jefawa, da amsar da tarihin bindigogin ya bayar.

Da farko, wace ce tsohuwar ƙira, wace ce ta zamani?

Tsofaffin iri biyu ne. Akwai libarba, mai ganga da ke juyawa da harsashi 5 ko 6, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836. Sai fistol mai ɗura wa kanta harsashi, zallar ƙarfe, irin M1911 ta John Browning wadda sojan Amurka suka ɗauka a 1911, da Browning Hi-Power ta Beljiyam ta 1935, da Makarov ta Tarayyar Sobiyet ta 1951, da MAC 50 ta Faransa. Ta zamani kuwa ita ce mai gangar jiki ta roba mai tauri, ba ta da guduma (ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi) a waje, tana cin harsashi 15 zuwa 17. Uwarsu a idon jama'a ita ce Glock 17, wadda sojan Ostiriya suka zaɓa a 1982, ko da yake kamfanin Heckler & Koch na Jamus ya riga ta fito da mai jikin roba tun 1970.

An ce kayan da sun fi ƙarko. Ba haka ba ne a nan?

Wani lokaci haka ne. A gwajin sojan Amurka, fistol ɗin Browning ta harba harsashi 6,000 ba tare da ta cije ko sau ɗaya ba. In ta yi zafi sai a tsoma ta cikin ruwa a ci gaba. Ta yi shekara 74 a ƙugun sojan Amurka kafin a sauya ta a 1985. Hi-Power kuwa sai 2013 sojan Ingila suka ajiye ta. Wannan ba ƙaramin tarihi ba ne.

Amma tsufa shi kaɗai ba shaida ba ce. Luger ta Jamus, wadda sojansu suka ɗauka a 1908, kyakkyawa ce kamar a rataye a ɗaki, sassanta a matse suke ƙwarai, kuma wannan matsewar ce ta sa ba ta shiri da datti. Ga tsadar ƙira, shi ya sa Jamusawan da kansu suka koma Walther P38. Abin da ke rikita mutane shi ne, tsofaffin da muke gani yau su ne waɗanda suka tsira. Ƙirar da ba ta yi kyau ba tuni an manta da sunanta, babu mai kawo ta cikin gardama.

To me Glock ta zo da shi da har ta mamaye duniya?

Sauƙi. Mai tsohuwar Peugeot 504 zai ce maka tsohuwar mota ta fi, domin kowane bakanike a Zango zai gyara ta, ta yanzu kuwa sai an jona mata kwamfuta. A wajen bindiga abin ya juya: ta zamanin ce mai ƙarancin tarkace. Sassan Glock ba su kai 40 ba, kuma na wannan yakan shiga waccan ba sai an goge da hannu ba, alhali M1911 ta gaske tana son ƙwararren maƙeri ya daidaita mata wasu sassan ɗaya bayan ɗaya. Gaston Glock ma ba maƙerin bindiga ba ne tun asali. Wuƙaƙen soja da sandunan labule yake yi, abin da ya ƙware a kai shi ne sarrafa roba. Sharaɗin da sojan Ostiriya suka gindaya shi ne kada bindiga ta cije fiye da sau 20 cikin harbi 10,000 na farko, kuma tasa ta haye.

Sai nauyi. M1911 ta haura kilo 1 ba harsashi, kuma 7 take ɗauka. Glock 17 ba ta kai giram 700 ba, tana ɗaukar 17. Jandarman da zai wuni tsaye a shingen hanyar Tanout cikin rana ya san bambancin rabin kilo a ƙugu. Ga hukumar da za ta sayi dubbai, ta horar da ƙurata, ta ajiye kayan gyara, lissafin a fili yake. Faransa ma, mai alfahari da ƙirar gida, ta bi sahu a 2020.

Abu guda da samari ba su cika sani ba: a cikin Glock ɗin nan, dabarar da ke kulle bututu lokacin harbi, ya ɗan sunkuya ya saki, ta Browning ce. Mutumin ya rasu tun 1926, amma kusan duk fistol mai ƙarfi ta yau a kan tunaninsa take tafiya. Rigar ce sabuwa.

Roba fa? Ba za ta narke a zafin bazara ba? Kuma an ce na'urar filin jirgi ba ta ganinta.

Ba irin robar bokiti ba ce. Zafin watan Afrilu da Mayu na Damagaram, ko ya haura digiri 40, bai kusa da abin da zai narkar da ita ba. Hasali ma ƙarfe ne ke ƙona tafin hannu in ya sha rana, shi ne kuma gumi da damina ke sa wa tsatsa. Maganar na'ura kuwa tatsuniya ce. Bututu da duk saman bindigar ƙarfe ne, harsasan ma haka.

Malam, libarba dai ba ta cijewa. Ko ita ma akwai magana?

Akwai, kuma nan ne tsoffin ma'aikata suke da rabin gaskiya. In harsashi ya ƙi tashi a libarba, ganga za ta juya ta kawo na gaba. Ba ta dogara da ƙarfin harsashi kafin ta yi aiki, ba ruwanta da yadda aka riƙe ta, kuma za ta iya daɗewa a ajiye ba abin da ya gaji a cikinta. Shi ya sa Smith & Wesson Model 10, wadda aka fara ƙerawa a 1899, ta daɗe a hannun ƴan sandan ƙasashe da yawa, kuma rundunar jandarmomin Faransa ta musamman, GIGN, ta yi suna da libarbar Manurhin MR 73.

Ɗaya rabin shi ne, cikin libarba kamar cikin agogo yake. Gangar dole ta tsaya daidai da bakin bututu a kowane harbi. In ta faɗi ta bugu, ko tsakuwar yashi ta shiga inda bai kamata ba, ba cijewa take yi ba, tsayawa take yi cak, sai an kai ta wurin mai gyara. Fistol ta fi yawan ƙananan tangarɗa, amma wanda aka horar yakan warware su nan take. Wato ɗaya ba ta cika rashin lafiya ba amma in ta kwanta ta kwanta, ɗayar kuma mura ce ke yawan kama ta.

A ƙasar ƙura da yashi irin tamu, wace ce ta fi jurewa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafarmu, domin hunturu ba ya barin komai. Ƙurar da ke shiga cikin kwanon tuwo a rufe ba za ta ƙyale bindiga ba. In ta haɗu da mai sai ta zama laka mai cin ƙarfe, saboda haka ƙirar da ba ta bukatar mai da yawa, wadda sassanta ke da ɗan sarari tsakaninsu, ita ke da rinjaye. Makarov tana da wannan hali, Glock ma haka.

Sai dai darasi mafi girma daga Iraƙi ya fito. Bayan 2003 sojojin Amurka sun yi ta kuka da Beretta M9 cewa tana cijewa a sahara. Da aka bincika, sai aka tarar laifin ya fi yawa a gidan harsashi, wanda ake zarewa a mayar: an yi wa wasu shafe mai kaushi da ke riƙe yashi, harsashi ya kasa hawa. Da aka sauya su, kukan ya ragu. Haka abin yake a ko'ina. Mafi yawan cijewar fistol daga gidan harsashi take, ko lalataccen harsashi, ko sifirin da ya gaji, ko rashin goge-goge. Bindigar da ta yi shekara 40 a ma'ajiya ba a sauya mata komai ba, in ta ba da kunya, ba Browning za a zarga ba.

Wace ce ta fi tsare mai riƙe da ita daga haɗari?

Gaba ɗaya, ta zamani. Tsohuwar Colt ta 1873 mai ɗaukar 6, masu ita 5 suke sa mata, su bar gurbin da ke ƙarƙashin guduma wayam, domin in ta faɗi tana iya tashi. Tokarev ta Sobiyet ba ta da makullin kariya na kirki. Na yanzu ana sa musu abin da ke tare allurar da ke bugun harsashi har sai an ja kunama.

Amma sabo ma yana tuntuɓe. A 2017, shekarar da sojan Amurka suka zaɓi SIG P320, an nuna cewa wadda ake sayar wa farar hula tana iya tashi in ta faɗi ta wata fuska, har kamfanin ya buɗe shirin gyara wa masu ita. Glock kuma ba ta da makulli na waje da ake turawa da babban yatsa kamar M1911. Duk abin da ya ja kunamar, yatsa ne ko bakin riga, ta tashi. Irin wannan bindiga horo take nema fiye da yadda ake zato.

Ashe babu inda tsohuwar ta fi?

Akwai. Kunamar M1911 gajera ce, mai taushi, har gobe masu gasar harbi ba su rabu da ita ba. Nauyin ƙarfe yana shanye bugun da ke komawa hannu. Ga kyan aiki, wanda duk mai son sana'ar hannu zai yaba. A ganina dai, a hannun gwani guda mai kula da kayansa tsohuwar ba ta da abin kunya, amma in rundunar mutum dubu za a raba wa, ta zamani ce.

Mu nan Damagaram ai mun san bindiga tun kafin Nasara. Ina bindigar maƙeranmu ta tsaya a wannan lissafi?

Mun sani kam. A zamanin Sarki Tanimun, cikin ƙarni na 19, Damagaram ta yi suna da ƴan bindiga, ana shigo da bindigogi ta hanyar Tarabulus, ana haɗa albarushi ana zuba igwa a nan Birni. Har yanzu ƙarar bindigar toka na cikin adon hawan salla. Amma duk mafarauci ya san halinta: ta baki ake ɗura ta, harbi ɗaya ne, kuma in damina ta jiƙa albarushi sai haƙuri. Tsallen gaske a tarihin ƙarkon bindiga shi ne zuwan harsashi mai kwanson tagulla, wanda ya rufe albarushi daga laima. Tazarar da ke tsakanin bindigar toka da libarbar 1899 ta fi wadda ke tsakanin libarbar da Glock nesa ba kusa ba.

Haɗarin yana wurin ƙananan bindigogin da ake ƙerawa a ɓoye don su ci harsashin zamani. Albarushi marar hayaƙi, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, yana da matsin da ƙarfen bututun ruwa ba zai iya ɗauka ba. Irin waɗannan sukan fashe a hannun mai harbin.

Farar hula zai iya mallakar ɗaya daga cikinsu a Nijar?

Sai da izinin hukuma a rubuce, kuma riƙe ta ba tare da shi ba laifi ne da ke kai mutum gidan kaso, tsohuwa ce ko sabuwa. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma aikinta ya ƙaru bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, lokacin da makamai suka bazu a Sahel. Wanda ya tsinci bindiga, ko ya tarar da ita cikin kayan gado, hanyarsa ita ce ya sanar da jandarmomi ko ƴan sanda mafi kusa, kada ya tsaya gwada ko tana aiki.