Waiwaye: Yadda tauraron ɗan Adam ya sauya labarin gurgusowar hamada

A 1975 wani masanin muhalli ɗan Birtaniya, Hugh Lamprey, ya yi shawagi da jirgin sama a arewacin Sudan, ya gwada abin da ya gani da taswirar 1958, ya ce hamada ta gurguso kudu da kilomita 90 zuwa 100. Da aka raba wa shekaru 17 ɗin da ke tsakani, sai ya kama kusan kilomita 5 da rabi a shekara. Adadin ya samu karɓuwa nan take, don a lokacin miki na farin Sahel na 1968 zuwa 1974 bai warke ba. Har aka je taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan gurgusowar hamada a Nairobi a 1977 ana yi wa hamada kallon rundunar da ke cin gari bayan gari.

Amurka ta harba Landsat na farko, tauraron ɗan Adam mai ɗaukar hoton doron ƙasa, tun 1972, amma sai da hotuna suka taru shekara da shekaru kafin su yi magana. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: ɗanyen ganye yana shanye jan haske, yana mayar da wani hasken da ido ba ya gani. Bambancin biyun shi ake aunawa a san yawan tsiro.

Da wannan ma'auni Compton Tucker na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, da abokan aikinsa suka nuna a 1991 cewa bakin Sahara ba tafiya ɗaya yake yi ba. Tsakanin 1980 da 1984 ya sauko kudu kimanin kilomita 240, damina ta gyaru a 1985 ya koma arewa kusan kilomita 110. Ashe ruwan sama yake bi. Lamprey dai, a ganina, ya gwada shekarar wadata ce da shekarar fari.

Daga 2008 aka buɗe rumbun hotunan Landsat kyauta, Turai kuma ta ƙara da nata tauraron, Sentinel-2, a 2015. A 2020, da hotunan tauraron ɗan Adam, har aka ƙirga bishiyoyi sama da biliyan 1.8, ɗaya bayan ɗaya, a yammacin Sahara da Sahel.

Sai dai kore daga sama yana ruɗi. Fili ya cika da tumfafiya, wadda ta fi son gajiyayyar ƙasa kuma dabbobi ba su cika kula ta ba, hoto zai ce wurin ya farfaɗo, alhali makiyayin da ke tsaye a ciki yana neman ciyawar da ya sani a da bai gan ta ba. Shi ya sa har yau masu bincike ke sauka da ƙafa, su ɗebi ƙasa, su tambayi masu gona kafin su yarda da hoton.