Dodon koɗi a akwatin kifin ado: ta ina yake shigowa, kuma me ya sa ba ya mutuwa a wajen ruwa

Masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi sukan wayi gari su ga ƙananan dodon koɗi manne a jikin gilashi, alhali ba su taɓa sayen ko ɗaya ba. Ruwa ba ya haifar da su. Suna shigowa ne a jikin ciyawar ruwan da aka sayo, ko a tsakuwa da itacen ado da aka ɗauko daga wani akwatin, ko a ɗan ruwan ledar da aka kawo sabon kifi. Galibi ma ƙwai ne ke shigowa: ɗan dunƙulen yauƙi garai-garai mai ɗigo-ɗigo a ciki, a liƙe ƙarƙashin ganye, inda ido ba ya kaiwa sai an juya ganyen an haska. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe.

Iri uku aka fi gani. Akwai ƙarami mai siririn kwanso da ake kira Physella, da mai kwanso a naɗe kamar gammo. Waɗannan biyun kowane ɗaya namiji ne kuma mace, har Physella kan yi ƙwai shi kaɗai ba tare da abokin barbara ba. Na uku shi ne Melanoides, mai dogon kwanso mai tsini, wanda ke wuni a binne cikin yashi ya fito da dare. Macensa ba ta bukatar namiji, kuma 'ya'ya take haifa kai tsaye. Shi ya sa guda ɗaya tak ya isa ya cika akwati.

Ba ɓarna kawai suke yi ba. Suna cin gansakuka da ruɓaɓɓen ganye da ragowar abinci. Idan kuka ga sun yi yawa fiye da kima, to abincin da ake zuba wa kifi ne ya yi yawa.

Abin da mutane suka fi kuskurewa shi ne ɗaukar cewa da an tsamo dodon koɗi daga ruwa ya mutu. Physella da mai naɗaɗɗen kwanso da huhu suke numfashi, shi ya sa kuke ganinsu suna hawowa saman ruwa su shaƙi iska su koma. Bushewar jiki ce ke kashe su. A busasshen wuri 'yan sa'o'i ne, amma a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ko soson matatar ruwa, ko tsakuwa mai laima, suna iya yin kwanaki. Melanoides kuwa, da babban nan Pomacea da ake sayarwa don ado, suna da murfi mai tauri a bakin kwanso. Su ja jiki ciki, su rufe, su riƙe laimarsu. Pomacea yana da huhu kuma yana da abin numfashi irin na kifi, yana iya binne kansa a laka ya yi watanni har ruwa ya dawo. Ƙwansa ma a saman ruwa yake yi, a jikin gilashi ko murfin akwati.

Don haka idan kuka tsinci babban dodon koɗinku a ƙasa bayan akwati, kada ku yi saurin yar da shi. Ku sa shi a kofi da ruwan akwatin, ku ba shi 'yan sa'o'i. Mai rai murfinsa a rufe yake gam, in an ɗan taɓa sai ya ƙara janyewa. Matacce murfinsa a sake yake, kuma warinsa ba ya ɓoyuwa. Wanda ya mutu a cikin akwati a cire shi nan take, domin gawarsa tana sakin amoniya, ita kuma guba ce ga kifi. Guda ɗaya ya fita yawo ba abin damuwa ba ne, a sa wa akwatin murfi a toshe kafar da wayoyi ke bi. Amma in kuka ga dukkansu sun yi cincirindo a saman ruwa da rana tsaka, har da masu kwana a yashi, to ruwan ya lalace ko iska ta yi ƙaranci. A auna amoniya, ya kamata ta zama sifili. A canja kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan, a duba famfon iska da matata.

Rage su ba ya bukatar magani. A zuba wa kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, a zuƙe dattin tsakuwa duk mako. Da dare a sa yankan kokwamba ko ganyen latas da aka ɗan tsoma a ruwan zafi, da safe a ɗauke shi da duk waɗanda suka taru a kai, a maimaita har su ragu. Magungunan da ke da sinadarin jan ƙarfe suna kashe su, gaskiya ne, amma suna kashe jatan lande na ado, suna daɗewa a tsakuwa, kuma ɗaruruwan gawarwaki a lokaci guda kan ruɓar da ruwan har kifin ya bi su. Shawararmu a bar waɗannan magunguna.

Sabuwar ciyawa a ajiye ta a bokiti daban mako biyu zuwa huɗu, ana duba ƙarƙashin ganye. Mai gaggawa ya jiƙa ta kwana biyu a ruwan alif, babban cokali ɗaya a lita 4, sannan ya ɗauraye sosai. Ciyawa mai laushin ganye ba ta cika jure wannan ba, a fara gwadawa da reshe ɗaya.

Inda muka fi damuwa shi ne inda waɗanda aka cire suke ƙarewa. Kada a zuba su a kwata, ko masai, ko tafki, ko rafi, haka ma tsohuwar tsakuwa da ciyawar da aka datse. Pomacea ɗan Kudancin Amurka ne, an kai shi Asiya wajen 1980, ya zama annobar gonakin shinkafa yana cinye dashe. Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 2012, kuma a 2020 an gano shi a gonakin shinkafar Mwea a Kenya. A zuba su a leda, a ɗaure, a sa a firiza kwana ɗaya cur, sannan a kai shara. Ƙwai kuma a murƙushe shi.

Haka nan kada a ɗebo dodon koɗi, ko ciyawa, ko ruwa daga rafi ko kududdufi a zuba a akwati. A ƙasashen da ake fama da tsargiya, dodon koɗin ruwa ne ke ɗauke da tsutsarta. Irin dodon koɗin da ake kira Bulinus yana yaɗa mai sa fitsarin jini, Biomphalaria kuma mai kama hanji da hanta, su ma suna iya tsallake rani a cikin laka. Bulinus ya yi kama da Physella, Biomphalaria ya yi kama da mai naɗaɗɗen kwanso, mai kiwo ba zai bambance su da ido ba. Tsutsar tana fitowa daga jikinsu ta yi iyo ta huda fatar mutum, tsoma hannu kaɗai ya isa. Waɗanda aka ƙyanƙyashe a akwati ba sa ɗauke da ita, domin sai fitsari ko bayan gidan mai cutar ya shiga ruwa kafin dodon koɗi ya kamu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum sama da miliyan 250 ne ke bukatar maganin kariya daga wannan cuta.

A wanke hannu da sabulu bayan aikin akwati, mai rauni a hannu ya sa safar roba, kuma kada a ja ruwa da baki ta tiyo. A hana yara wasa da dodon koɗi ko kai shi baki. Wanda ya riga ya zuba na rafi a akwatinsa, sannan ya ga ƙaiƙayi da ƙuraje a hannu, ko zazzaɓi bayan 'yan makonni, ko jini a fitsari ko bayan gida, ya je asibiti ya faɗa wa ma'aikacin lafiya ruwan da ya taɓa. Ana gwada fitsari da bayan gida, kuma akwai maganinta, sunansa praziquantel.