Corlea

Corlea ƙaramin yanki ne na karkara a lardin Longford da ke tsakiyar ƙasar Ayalan, kusa da ƙauyen Keenagh. Yana cikin yankuna sama da 60,000 da aka kasa tsibirin tun zamanin da, waɗanda su ne rabon ƙasa mafi ƙanƙanta a can. Sunansa a harshen Ayalan shi ne An Chorr Liath, kalmar liath kuwa tana nufin ruwan toka.

Tsohuwar hanyar katako

Abin da ya fito da sunan Corlea shi ne wata hanyar katako da ta daɗe binne a cikin dausayi. An gano ta a 1984, lokacin da injinan hukumar Bord na Móna ke yankan taɓon dausayin, wanda ake busarwa a yi makamashi da shi. Daga 1985 Farfesa Barry Raftery na jami'ar University College Dublin ya jagoranci aikin tono ta.

An shimfiɗa hanyar ne da manyan faskaren itacen oak, kowanne tsawonsa ya haura mita 3, aka jera su a gicciye bisa dogayen sanduna, har faɗinta ya isa keken doki ya bi. Ƙirgen zoben da ke cikin itacen, wato layukan da bishiya ke ƙarawa a cikinta duk shekara, ya nuna cewa an sare bishiyoyin a wajajen shekara ta 148 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Abin mamaki, duk wannan wahala ba ta daɗe tana amfani ba, domin ana kyautata zaton cikin kimanin shekara goma nauyin katakon ya nutsar da ita. Nutsewar ce ma ta cece ta, saboda taɓon dausayi ba ya barin iska ta ruɓar da itace.

Masana sun saɓa kan dalilin yin ta. Wasu na ganin hanyar sufuri ce, wasu kuma na cewa an nufi shiga cikin dausayin ne don wata ibada, ko kuwa wani mai mulki ne ya nuna isarsa.

A yau

An buɗe cibiyar baƙi a 1994, inda aka adana mita 18 na hanyar a cikin wani zaure. Wani sashenta yana nan binne, ana kula da damshin ƙasar don kada katakon ya bushe.