Waiwaye: Zamanin da fim ba ya magana

Ranar 28 ga Disamba, 1895, wasu Faransawa wa da ƙane, Auguste da Louis Lumière, suka haska hotuna masu motsi a wani ɗaki na Grand Café da ke birnin Paris, kuma sai da kuɗi ake shiga. Kowane fim bai kai minti ɗaya ba: ga ma'aikata suna tashi daga masana'anta, ga jaririya ana ba ta abinci. Yawancinsu ba labari, kuma duk ba murya.

Georges Méliès, wanda asalinsa mai wasan rufa-ido ne, yana cikin waɗanda suka fara sa labari. Dabararsa ita ce ya tsayar da kyamara, ya janye ɗan wasa, ya ci gaba da ɗauka, sai mai kallo ya ga mutum ya yi ɓatan dabo. A 1902 ya fitar da fim ɗinsa na tafiya duniyar wata, wanda kumbo ya soki watan a ido.

Rashin baki ne ya tilasta wa masu fim koyon sana'ar sosai: yadda ake yanka hoto a haɗa, da kusanto fuska har a ga ƙwalla. D. W. Griffith, wani daraktan Amurka, ya gwanance a nan, sai dai fim ɗinsa na 1915 kirari ne ga Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu wariyar launin fata a Amurka, da cin zarafin baƙar fata, kuma gwaninta ba ta wanke wannan.

Amma fa kada a ɗauka silima tsit take. A Amurka da Turai mai kiɗan piyano na zaune gaban allo yana bin fim ɗin, ya tsananta in ana tsere, ya sassauta in ana kuka. A Japan kuwa akwai benshi, mai tsayawa gefe yana ba da labarin, yana kwaikwayon muryar mace da namiji, har wasu don shi suke zuwa. Wanda ya saba da fassarar finafinan Indiya zai gane aikin. Su kansu Indiyawan, a fim ɗin Dadasaheb Phalke na 1913, maza ne suka fito a matsayin mata.

Legas ta ga fim tun 1903, a zauren Glover.

Fim ɗin Amurka mai suna The Jazz Singer ya zo da murya a 1927, cikin 'yan shekaru kasuwar finafinan bebe ta mutu. An yi sakaci da ajiyarsu, ga shi zaren fim na lokacin saurin kama wuta gare shi. Binciken Laburaren Majalisar Dokokin Amurka na 2013 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan ƙasar na wancan zamani sun salwanta.